Hotunan yara na bugun dutse daga Amurka ta ƙarni na 19: na asali, tsohon kwafi ko sabon bugu, wanne za ka saya?

Wanda ya taɓa shiga shagon kayan da a wani ƙaramin gari na Amurka, ko ya yi yawo a shafukan gwanjo na intanet, da wuya bai ci karo da su ba. Yarinya mai jan kumatu ta rungume 'yar kyanwa. Yaro da ƙanwarsa sun yi ado kamar ranar salla. Uba yana karatu, iyali sun kewaye shi. Gidan gona cikin dusar ƙanƙara, hayaƙi na tashi daga bututu. A ƙasan hoton ga sunansa da manyan baƙaƙe, ga kuma sunan kamfani da lambar titi cikin ƙananan haruffa. Sai ka ga wannan an sa masa dala 40, na kusa da shi 400, wani kuma an ce sai dubbai, alhali a idon baƙo duk uwa ɗaya ta haife su.

Mai son ya mallaki ɗaya yana da hanyoyi shida a gabansa: ƙaramin hoton kamfanin Currier & Ives na asali, babban nasu, na abokan hamayyarsu irin su gidan Kellogg, kuromo na Louis Prang (hoton da har launinsa da dutse aka buga), tsohon kwafi na ƙarni na 20, ko sabon bugu da zai sa a yi masa yau. Kafin a auna su sai an san yadda aka yi su, domin duk wata dabarar gane na gaske daga nan take fitowa.

Yadda dutse yake buga hoto

Wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ne ya gano dabarar a 1796. Ana samun wani dutse mai santsin fuska, wanda mafi kyawunsa daga Solnhofen na ƙasar Bavaria ake haƙo shi, a zana hoto a kansa da alli mai maiƙo. Sai a shafe fuskar dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa asid kaɗan. Ƙaron nan dai da malamai ke jefawa cikin tawadar rubutun allo, shi ne. Idan aka jiƙa dutsen aka bi shi da tawada mai mai, tawadar ba ta kama ko'ina sai inda allin ya taɓa, tunda ruwa da mai ba sa ga-maciji. A ɗora takarda, a danna, hoto ya fito.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu da baƙar tawada kawai suke bugawa, daga baya a sa launi da hannu. Haka Currier & Ives da Kellogg suka fi yi. Wasu kuma kowane launi da dutsensa, a yi ta mai da takarda guda kan duwatsu har hoton ya cika. Wannan shi ne kuromo, kuma a nan Prang ya yi suna.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuɗi, kuma ba na saye kaɗai ba: firam da gilashi da gyara sukan ninka kuɗin ƙaramin hoto. Na biyu juriya, wato yadda takardar da launin za su yi da haske, danshi da ƙwari a ɗakin da za ka ajiye su. Na uku sauƙin samu da sauƙin kulawa. Na huɗu haɗari, wanda a wannan kasuwa kusan abu ɗaya yake nufi: ka biya kuɗin na asali a miƙo maka kwafi. Akwai na biyar da mutane ke mantawa, shi ne ko hoton kansa ya kwanta maka a rai. Abin da za ka riƙa kallo kullum ne.

Ƙaramin Currier & Ives na asali

Nathaniel Currier ya buɗe shagonsa a New York a 1835. James Merritt Ives ya shigo a matsayin akawu a 1852, ya zama abokin tarayya a 1857, daga nan sunan ya koma Currier & Ives har aka rufe kamfanin a 1907. A cikin waɗannan shekaru sun fitar da hotuna iri daban-daban sama da 7,000. Ba su taɓa ɓoye cewa kayan talakawa suke yi ba. Ƙananan, masu faɗin kusan inci 8 da tsawon inci 12 da rabi, daga sent 5 zuwa sent 20 ake sayar da su a lokacin, 'yan talla suna turawa a amalanke cikin birni, fatake suna kai wa ƙauyuka.

Yadda ake sa musu launi abin sha'awa ne, kuma yana da amfani ga mai saye. A ma'aikatarsu ta titin Spruce mata ne ke zama a dogon teburi, galibinsu baƙi ne da suka yi ƙaura daga wasu ƙasashe, kowace da launinta guda. Wannan ta sa ja ta miƙa, ta gaba ta sa shuɗi ta miƙa, ana duban samfurin da aka kafa a tsakiya. Aikin gaggawa ne. Shi ya sa za ka ga jan riga ya ɗan tsallake layi, ko kumatun yarinya sun yi ja fiye da kima, kuma ba za ka taɓa samun biyu da launinsu ya zo daidai ba. Sabon shiga yakan ɗauki wannan a matsayin aibi, alhali shi ne shaidar cewa hannun mutum ya bi ta wajen.

Ta fuskar kuɗi, mai son hotunan yara ya taki sa'a. Manyan masu tara kayan Currier & Ives jiragen ƙasa suke bi, da jiragen ruwa, da farauta, da tseren dawaki, da hunturun dusar ƙanƙara. Hotunan yara, na 'yan kyanwa, da waɗanda aka sa wa sunayen mata don mai saye ya samu sunan 'yarsa ko budurwarsa, su ne a ƙasan kasuwa. An buga su da yawa, masu nema kuma kaɗan ne. Sau da yawa za ka samu irin "Little Brothers" ko "Little Sisters" daga dala 'yan gomomi zuwa ɗaruruwa kaɗan, gwargwadon lafiyarsu. Da zarar hoton ya koma na gida da gona kuɗi ya tashi. Jerin nan huɗu na "American Homestead" da aka fitar a 1868 da 1869, gida a kowane yanayi na shekara, ƙanana ne amma sun fi na yara tsada nesa ba kusa ba, na hunturun kuma ya fi sauran ukun.

Juriya ita ce rauninsa. Launin ruwa ne, rana tana cinye shi. Ga kuma wata matsala da kusan duk tsohon firam ke da ita: a wancan zamani da siraran allunan katako ake toshe bayan hoto, katakon kuma ya yi ta zuba wa takardar guba shekara da shekaru. Sakamakon shi ne takarda ta yi ruwan ƙasa, wani lokaci har da doguwar tabo a daidai inda allo biyu suka haɗu, ko zanen kullin katako ya fito ɓaro-ɓaro a sararin samaniyar hoton. Ƙara da tabon ruwa a ƙasa, da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda da danshi ke haifarwa. Gwanin gyaran takarda yana iya wanke da yawa daga ciki, sai dai ladansa kan wuce kuɗin hoton. Don haka gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai lafiya tun farko.

Samu ba wuya. Haɗari kuwa yana nan, don babu kamfanin buga hoto na Amurka da aka kwafa kamar wannan. Abin da zan ce ka yi, ko da mai shagon zai ɓata rai:

- Ka nemi a fitar da hoton daga firam. Wanda ya ƙi, ka bar masa kayansa. Ba a cinikin biri a sama.
- Ka sa madubin ƙara girma, mai ninki 10 ya isa. Baƙin layin na asali tsaki-tsaki yake, ba tsari, kamar alli a kan bango mai kaushi. Launin kuma shimfiɗe yake kamar yadda buroshi ya bar shi. Idan ka ga ɗigogi jere reras kamar na hoton jarida, injin zamani ne.
- Ka karkata shi ga haske. A wurare masu duhu sau da yawa za ka ga ɗan sheƙi, ƙaro ne da aka shafa don launin ya yi zurfi.
- Ka auna. Akwai kundaye biyu da 'yan kasuwar ke aiki da su, na Frederic Conningham da na kamfanin Gale na 1984, kowane hoto da lambarsa da girmansa. Dillalin kirki zai ba ka lambar tun kafin ka tambaya. Idan girman bai zo daidai ba, magana ta ƙare.
- Ka duba adireshi. Suna lamba 152 a titin Nassau har zuwa 1872, suna lamba 115 daga 1877 zuwa 1894. Wannan yana taimakawa wajen sanin zamanin hoto, amma ba ya tabbatar da asali, tunda mai kwafi har adireshin yake kwafewa.
- Ka duba gefe. Da yawa an datse su don su shiga firam. Wanda aka yanke wa suna ko aka ci gefensa har jikin hoto, darajarsa ta faɗi ƙwarai.

Akwai wata damfara mai laushi da madubi ba ya saurin kamawa: hoton na asali ne, amma launin ya koɗe, wani ya sake shafa masa sabo. Idan takarda ta tsufa ta yi duhu amma launi yana walƙiya kamar jiya aka sa, ka yi tambaya.

Babban Currier & Ives

Wannan wata duniya ce. Duk wanda ya wuce inci 14 da 20 ana lissafa shi cikin manya. Dala 1 zuwa 3 ake sayar da su a lokacin, kuma ba a teburin gaggawa ake sa musu launi ba, ana ba wa masu zane ne su yi a natse. A nan ake ganin hannun Frances Palmer, 'yar Ingila da ta yi wa kamfanin aiki shekaru masu yawa, wadda ta zana jerin "American Country Life" na 1855, iyalai masu hali a gidajensu na karkara. A nan kuma ake samun "The Four Seasons of Life" na 1868, inda aka kasa rayuwa huɗu, ƙuruciya ta zo da bazara, tsufa ya zo da hunturu a bakin murhu. Sai "Home to Thanksgiving" na 1867, daga zanen George Durrie, ɗa ya dawo gida da iyalinsa iyaye sun fito tarba a bakin ƙofa.

Kuɗinsu dubban daloli ne, shahararrun ciki har dubun-dubata. Takardarsu ta fi kauri, amma launin ruwan dai shi ne, kuma babbar takarda ta fi saurin yagewa da lanƙwasa. Haɗarin ya fi na kowa, saboda tun da aka fitar da jerin manyan hotunan kamfanin "hamsin mafi kyau" a farkon shekarun 1930, masu kwafi suka san inda kuɗi yake. Ba zan sayi babba daga hoton waya ba ko da an rantse mini. Sai daga gidan gwanjo ko dillalin da zai rubuta a takarda cewa na asali ne, kuma zai karɓi kayansa idan aka gano saɓanin haka.

Kellogg da sauran abokan hamayya

Mutane da yawa suna kiran kowane hoto irin wannan da sunan Currier & Ives, kamar yadda ake kiran kowane garin wanki da sunan kamfani guda. Amma a Hartford ta jihar Connecticut akwai 'yan uwa 'yan gidan Kellogg, waɗanda Daniel Wright Kellogg ya fara musu sana'ar wajen 1830, kafin Currier ya tsaya da ƙafarsa. 'Yan uwansa Edmund da Elijah suka ci gaba, shi ya sa za ka ga "E.B. & E.C. Kellogg" a ƙasan hotuna da yawa, wani lokaci tare da sunan abokin ciniki kamar Comstock ko Thayer. A New York kuma akwai James Baillie. Dukkansu kasuwa ɗaya suke ci, suna kwaikwayon juna ba kunya: yaro da karensa, uwa da jariri, hoton makoki mai kabari da bishiya, inda aka bar fili don iyali su rubuta sunan mamacinsu da hannu. Wannan na ƙarshen yana da nauyi idan ka same shi da rubutun a jiki, musamman in shekarun da aka rubuta ba su wuce biyu ko uku ba.

A ganina wannan ne zaɓin da aka fi rainawa ba bisa haƙƙi ba. Kuɗinsa yawanci bai kai na Currier mai kama da shi ba. Aikin kuwa ba ya ƙasa, wasu fuskokin yaran ma sun fi rai. Juriyarsa da matsalolinsa duk irin na ƙaramin Currier ne. Babban abin da ya fi shi ne kwanciyar hankali: tunda sunan ba ya jawo kuɗi, ba a cika wahalar da kai wajen kwafarsa ba. Inda ya gaza biyu ne. Ba ka samunsa a kowane shago, kuma ranar da ka tashi sayarwa masu tayawa kaɗan ne. Mai son ya horar da idonsa ya duba tarin gidan tarihi da al'adu na Connecticut a Hartford, wanda ke riƙe da hotunan Kellogg sama da dubu.

Kuromo na Prang

Louis Prang haifaffen Breslau ne, ya iso Amurka a 1850, ya zauna a Boston. Burinsa ya sha bamban da na Currier. Shi so yake ya ɗauki zanen mai na babban mai zane ya maimaita shi har mai kallo ya kasa bambancewa. Wasu hotunan sai an bi da su ta kan duwatsu sama da 20. Bayan haka a danna wa takardar zanen saƙa don ta yi kama da kyallen zane, a shafe ta da mai sheƙi, a manna a kwali mai ƙarfi. Wanda ya fi shahara a fannin yara shi ne "The Barefoot Boy" na 1868, yaron ƙauye ba takalmi, daga zanen Eastman Johnson, wanda shi kuma waƙar John Greenleaf Whittier ta zaburar. Dala 5 ne kuɗinsa a lokacin, wato kuɗin ƙananan Currier ashirin da biyar ko fiye. A littafin da Catharine Beecher da 'yar uwarta Harriet Beecher Stowe suka rubuta wa matan gida a 1869, sun sa shi cikin abin da ya kamata uwar gida ta rataya a falo.

Ba kowa ya yi murna ba. Da kuromo ya yi yawa, har mujallu da kamfanonin sabulu suna rabawa kyauta, editan mujallar The Nation, E. L. Godkin, ya yi amfani da sunansa a 1874 ya zagi wayewar zamanin baki ɗaya, wai ta kwaikwayo ce mai araha. Wannan rainin ya bi kuromo har cikin kasuwar yau, kuma mai saye ne ya ci riba: aikin da ya fi na Currier wahala da tsada a da, yanzu sau da yawa kuɗinsa bai wuce na matsakaicin hoton Currier ba. Katunan gaisuwa da ƙananan katunan da Prang ya yi ta bugawa, ciki har da na Kirsimeti da ya fara sayarwa a Amurka a 1875, su ma cike suke da yara, kuma su ne mafi araha a duk kayan asali.

Launinsa ya fi jure haske, domin tawadar mai ce. Amma man sheƙin yana komawa rawaya, yana tsattsagewa, kwalin baya kuma yana bushewa ya karye. Gyaransa ya fi na takarda zalla wuya. Haɗarin kwafi kaɗan ne. Haɗarin da ke akwai shi ne a sayar maka da kuromon wani ƙaramin kamfani da sunan Prang, ko a ce maka zanen mai ne na hannu. Ka juya bayansa, na Prang sukan zo da tambarin takarda a manne.

Tsohon kwafi na ƙarni na 20

Nan ne ramin. Da aka rufe kamfanin Currier & Ives a 1907 an sayar da duwatsun, an goge mafi yawansu, amma 'yan kaɗan sun faɗa hannun wasu da suka ci gaba da bugawa da su. Daga baya, da Harry T. Peters ya fitar da manyan littattafansa a kan kamfanin daga 1929, sha'awa ta farfaɗo, kwafi ya cika gari. Kamfanin inshora na Travelers ya yi shekaru yana sa hotunan a kalandarsa tun daga shekarun 1930. An yanko shafuka daga littattafai an sa a firam. An buga su a faranti da tire da gwangwanin biskit. Wasu kwafin ma da hannu aka sa musu launi.

Yau shafin kalanda na 1950 ya haura shekara saba'in. Ya yi rawaya, firam ɗinsa ya tsufa, wanda ya gaje shi kuma da zuciya ɗaya zai ce maka tun yana yaro yake ganinsa a ɗakin kakarsa. Ba ƙarya yake ba, kuma ba na asali ba ne. Darajarsa ta firam ɗin ce. Takardarsa siririya ce, launinsa kan koɗe ya koma shuɗi-shuɗi. Idan ka same shi a dala biyar ko goma kuma ka san abin da ka saya, ba laifi. Fiye da haka asara ce. Sau da yawa akwai ɗan rubutu a can ƙasan gefe da ke cewa an sake bugawa ne, kuma sau da yawa bakin firam ya rufe shi, da gangan ko ba da gangan ba.

Sabon bugu daga fayil

Haƙƙin mallakar duk waɗannan hotuna ya ƙare tuntuni. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a Washington yana da dubbansu, da yawa ya ɗora a intanet a manyan fayiloli da kowa zai sauke kyauta. Gidan tarihi na Metropolitan a New York shi ma ya saki nasa tun 2017, ɗakin karatu na birnin Boston kuma yana da tarin Prang. Ka sauke mafi girman fayil, ka kai wa mai buga hoto, ka ce a girman asali kake so, a takarda mai kauri marar sheƙi. Takarda mai ƙyalli irin ta hoton biki tana kashe shi. Abin lura ɗaya: wasu na ɗakin karatun Majalisa baƙi da fari ne, domin a haka aka ajiye su wajen rajistar haƙƙin mallaka, sai ka zaɓi mai launi.

Kuɗinsa na bugu da firam ne kawai. Haɗari babu. In ya koɗe ka sake bugawa. Abin da ba zai ba ka ba shi ne takardar da wata mata ta riƙe a titin Spruce ta shafa wa ja, kuma ba wanda zai saye shi daga hannunka.

| Zaɓi | Kuɗi | Juriya | Samu | Haɗarin a cuce ka |
|---|---|---|---|---|
| Ƙaramin Currier & Ives | gomomi zuwa ɗaruruwan daloli | rauni ga haske da danshi | da sauƙi | babba, amma madubi na kamawa |
| Babban Currier & Ives | dubbai zuwa sama | kamar na sama, ga saurin yagewa | sai gwanjo ko dillali | mafi girma |
| Kellogg da ire-irensa | yawanci ƙasa da Currier | kamar ƙaramin Currier | sai an nema | kaɗan |
| Kuromon Prang | kati araha, manya ɗaruruwa | launi na jurewa, sheƙi na tsagewa | matsakaici | kaɗan |
| Tsohon kwafi | bai kamata ya wuce kuɗin firam ba | rauni | ko'ina | shi ne abin cutar |
| Sabon bugu | kuɗin bugu kawai | a sake in ya lalace | nan take | babu |

Wata magana a gefe, tunda za a rataya abin ne inda yara ke gani. Waɗannan hotuna mafarkin masu saye ne, ba rahoton zamanin ba. A shekarun da ake buga yara masu tsabta suna wasa da ɗan rago, wasu yaran suna aiki a masaƙu da ramukan kwal, kuma har zuwa 1865 ana bautar da baƙaƙen fata a kudancin ƙasar. Baƙin yaro da wuya ya fito a waɗannan hotunan gida, in ya fito kuma galibi a gefe ne. Kamfanin Currier & Ives ɗin nan shi ya fitar da jerin "Darktown" daga ƙarshen shekarun 1870, hotunan izgili ga baƙaƙe da suka yi kasuwa sosai. Idan an haɗa maka kaya a dunƙule a gwanjo, ka duba kar a cusa maka su ba ka sani ba.

Wanne ya dace da wa

Mai son adon falo ko ɗakin yara, inda rana ke shigowa kuma ƙwallo kan tashi, ya yi sabon bugu ya huta. Haka malamin da zai nuna wa ɗalibai yadda Amurkawa suka zana kansu, tunda da kuɗin na asali guda zai buga ashirin ya jera su a kwatanta.

Mai son ya riƙe abu na gaske daga zamanin, kuɗinsa kuma ba yawa, ya nemi ƙaramin hoton yara mai cikakken gefe da launi mai rai. Idan Currier da Kellogg suka zo a kuɗi ɗaya, wanda ya fi lafiya zan ɗauka ba wanda ya fi suna ba. Ya ware kuɗin sabon kwali marar asid da gilashi mai tare hasken rana, a cire katakon baya, a ajiye tsohon firam ɗin in yana da kyau.

Wanda launi mai zurfi ke burgewa, kuma ba ya son fargabar koɗewa kullum, kuromo ne nasa. Wanda ba ya rataya hoton mai rai a ɗakinsa amma yana son tarihin, katunan Prang da ƙananan hotuna suna zama lafiya a jakar adana takardu cikin aljihun teburi, can ma suka fi daɗewa.

Babban Currier na wanda ya riga ya shafe shekaru yana taɓa ƙanana ne, ya san takardar a hannunsa, kuma kuɗin da zai sa ba na cefane ba ne. Kar ya shiga da niyyar riba, don farashin irin waɗannan kaya yana hawa yana sauka da sha'awar zamani.

Wanda kuma yake zaune a Amurka yana shirin kawo hoton gida, ko zai aika wa wani tsaraba, ya yi tunanin inda zai sauka. Takarda irin wannan danshi matsakaici take so, wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, ba hawa da sauka ba. Damina za ta kumbura ta ta sa mata ɗige-ɗige, hunturu ya busar da ita ta lanƙwashe, ƙura ta shiga ta bayan firam, gara da kyankyasai kuma ba su san 1868 ba. In na asalin ne dole, a cire gilashin kafin tafiya, a shimfiɗa shi tsakanin kwali biyu masu ƙarfi, kar a naɗe shi ko kaɗan. Idan ya isa a liƙe bayan firam ɗin ruf, a rataya shi a bangon ciki wanda ba ya jiƙa, nesa da taga da madafa, a kuma riƙa sauke shi ana duba bayansa a ƙarshen kowace damina.